RA'AYINMU: Harsashin farauta ba albasa ba ne

Duk wanda ya taɓa biyo ayarin manyan motoci daga Garwa-Bulai, ya ƙetare Beloko, ya ratso Bouar da Yaloke da Boali har ya sauke kaya a Kilomita Biyar, ya san cewa ba duk abin da ke cikin buhu ne ake rubutawa a takardar 'yan duwan ba. Wannan ba sabon labari ba ne, kuma mu ba ma'aikatan duwan ba ne balle mu tsaya ƙirga wa mutane batir da sukari. To amma akwai haja guda da muke ganin ya zama wajibi mu yi magana a kanta da babbar murya, domin ta sha bamban da sauran, ko da yake wasu 'yan'uwanmu sun mayar da ita kamar maggi ko ashana. Hajar nan ita ce harsashin bindigar farauta, wanda aka fi sani da kartush mai lamba 12, mai zuwa 25 a cikin ɗan kwali.

Da zarar rani ya kama aka fara ƙona ciyawa, daji ya buɗe, sai ka ga masu nemansa sun ƙaru. Mutum zai tsaya a bakin rumfa a Kokoro ya sayi gishiri da sabulu, sannan ya rage murya ya tambayi ɗaya kayan. A wani shiri da muka yi a gidan rediyo kan wannan batu, wani bawan Allah ya bugo waya ransa a ɓace, ya ce shi bai ga abin tayar da jijiyar wuya ba. "Ai na farauta ne, Malam, ba na yaƙi ba. Gada ake harbi da shi." Mun gode masa, domin ya faɗi abin da ke zuciyar mutane da yawa, kuma maganarsa ce muke so mu auna a yau.

Kafin mu ba shi amsa, bari mu ɗan leƙa wata ƙasa mai nisa inda aka daɗe ana gardama kan wane harsashi ya dace da wace dabba. A Amurka akwai wata irin barewa mai farar wutsiya, wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa. Babu irinta a dajinmu, mu gada da mazo da mariya da gwanki muka sani. A jihar Indiana wannan barewa ta taɓa ƙarewa ƙaƙaf. Tun 1893 aka daina ganinta, saboda sare daji da kuma maharban da ke kashewa suna kai nama kasuwa ba ƙaƙƙautawa. Sai a 1934 hukuma ta fara kawo wasu daga waɗansu jihohi tana saki. A yau maharban wannan jiha kaɗai suna kashe fiye da 100,000 a kowace shekara, kuma barewar ba ta ƙare ba.

Shekaru da dama Indiana da maƙwabciyarta Ohio sun hana a harbi barewa da manyan bindigogi masu dogon zango, domin ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da gidaje kusa da juna, harsashin da ya kuskure dabba yana iya samun manomi a bayan gidansa. A 2007 sai Indiana ta yarda a yi amfani da doguwar bindiga irin karabin wadda ke cin harsashin ƙaramar bindigar hannu, kamar .357 Magnum da .44 Magnum. Hikimar ita ce, irin wannan harsashi yana da ƙarfin kayar da barewa a tazarar kimanin mita 100, amma ba ya daɗewa a sama yake faɗuwa. Ohio ta bi sahu a 2014, ta kuma ce kada a zuba fiye da harsashi uku a cikin bindigar. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, dokar Indiana ta ƙayyade kaurin harsashi da tsawon kwansonsa ta yadda ɗan ƙaramin nan mai milimita 9, irin na 'yan sanda, bai samu shiga ba, saboda sau da yawa raunata dabba kawai yake yi ta gudu ta je ta mutu a banza cikin wahala. Daga baya sun ƙara sassauta dokar a 2016, har yanzu kuma suna ta gardamarsu.

Ba muna cewa Amurkawa sun fi kowa hankali da bindiga ba ne. Duk mai sauraron labarai ya san irin ɓarnar da take yi musu a makarantu da tituna. Amma a fagen farauta sun yi abu uku da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da su. Sun hana sayar da naman barewar daji a kasuwa. Sun wajabta wa maharbi lasisi da lokaci, kuma a Indiana dole ya sanar da hukuma cikin awa 48 duk barewar da ya kashe. Sannan sun ɗora harajin kashi 11 cikin 100 a kan dogayen bindigogi da harsashi, kuma tun dokar 1937 kuɗin yana komawa ne wajen raya daji da dabbobinsa. Wato kowane harsashi yana da lissafi tun daga masana'anta har zuwa inda ya faɗi.

Mu fa? A nan ne maganar mai bugo waya ta fara rauni. Harsashin da ya bar kanti a Yawunde ko Duwala, ko wanda aka ƙera a Pointe-Noire ya biyo kogin Ubangi ya ƙetaro ta Zongo a cikin kwalekwale, babu wanda ya san hannu nawa ya ratsa, babu kuma wanda ya san a bakin wace bindiga zai ƙare. Maƙeran ƙauye suna haɗa bindiga da bututun ƙarfe daidai da wannan lamba 12 ɗin, ba lamba a jikinta, ba takarda. Wanda ya ɗauke ta da asuba ya nufi fadama, shi ne kuma zai iya ɗaukarta da yamma ya tsaya a shinge.

Ba ma son tono tsohon miki, kuma mun san kowane ɓangare na ƙasar nan yana da gawarwakin da yake kuka a kansu. Bayan da Seleka ta shiga Bangui ranar 24 ga Maris 2013, an yi wa talakawa ta'asar da babu mai imanin da zai kare ta. Amma tunda da 'yan kasuwa muke magana, dole mu tuna musu abin da suka gani da idonsu. Waɗanda suka afko wa Bangui ranar 5 ga Disamba 2013, da waɗanda suka riƙa tare motocin masu gudun hijira a hanyar Kamaru a watannin da suka biyo baya, da waɗanda suka tsare mutane a Boda da Yaloke, yawancinsu ba manyan makamai ne a hannunsu ba. Adda ce da bindigar maƙera, da aljihu cike da kartush. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke bin diddigin takunkumin makamai sun rubuta tun a 2014 cewa harsashin farauta yana shigowa ne daga Kamaru ta iyakar Garwa-Bulai da Beloko, kuma ana sauya abin da ke cikinsa domin ya kashe abin da ya fi gada girma, har da mutum. A watan Mayu na 2017, lokacin da aka far wa unguwar Tokoyo a Bangassou har Musulmi kusan 2,000 suka fake a harabar cocin Katolika ƙarƙashin kulawar Bishop Juan José Aguirre, irin waɗannan bindigogi ne dai suka fi yawa, harsashinsu kuma daga ƙetaren kogi yake zuwa.

To, wa ya ɗauko shi? Wannan ita ce tambayar da ba a son yi a majalisa. Ba mu ce Bahaushe ne kaɗai ke fataucin nan ba, akwai kowace ƙabila a ciki, akwai ma masu kaki. Amma sanin kowa ne cewa mu ne muka fi kowa sanin hanya, mu ne da motoci, mu ne da masu masauki a kowace tasha tun daga Ngaundare har Berberati. Idan har kwali ɗaya ya taɓa wucewa a cikin buhun albasar ɗayanmu, to akwai yiwuwar an harbi ɗan wani da shi, wataƙila ma wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Mutanenmu da ke zaune a sansanonin Gado da Lolo da Mbile a gabashin Kamaru shekara da shekaru, wasunsu da rumfunansu a kasuwannin nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa bindiga tana tsayawa a inda aka nufa da ita. Matasan da suka ɗauki makami da sunan kare Kilomita Biyar a 2014, an yi musu addu'a, an tara musu kuɗi. Cikin 'yan shekaru sai ga shi su ne ke bi rumfa rumfa suna karɓar haraji, mota ba ta sauke kaya sai an biya su. A ƙarshen Disamba na 2019 da 'yan kasuwa suka ce sun gaji, an yi artabun da ya ci rayuka fiye da 30, shaguna suka ƙone, kafin hukuma da dakarun MINUSCA su ayyana unguwar a matsayin wurin da aka haramta yawo da makami. Wanda ya ga wannan bai kamata a sake yi masa dogon bayani ba.

Yanzu bari mu koma kan gadar da aka ce ita ake harbi. Ko da a ce kowane harsashi a jikin dabba yake ƙarewa, lissafin bai fita ba. Masu binciken da suka riƙa ƙirga dabbobi daga jirgin sama a arewacin ƙasar nan sun gano cewa tsakanin 1978 da 2010 manyan namun daji sun ragu da kashi 94 cikin 100. Da aka sake zagayawa a 2017, ba a hango giwa ko ɗaya ba a yankin da a da garkenta ke tare hanya. Gandun dajin Manovo-Gounda St Floris, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1988, tun 1997 aka mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Karkanda ta ƙare. A kudu maso yamma kuwa, a Dzanga Bai, a watan Mayu na 2013 wasu 'yan bindiga suka kashe giwaye 26 a wuri guda suka cire haurensu. Dattawanmu da suka yi fatauci a Ndele da Birao suna ba da labarin ɓauna da kanki da raƙumin dawa a gefen hanya. Jikokinsu sai dai su gani a littafi.

Gaskiya ne cewa ba kartush ya yi wannan babbar ɓarna ba. Mahaya dawaki da raƙuma daga Sudan da Cadi ne da bindigogin yaƙi, da ƙungiyoyin 'yan tawaye, da cututtukan da shanu ke kai wa namun daji. A nan ma akwai abin da ya shafe mu. Kalashnikov ta zama sandar kiwo a hannun waɗansu makiyayan haya da ke kora shanun masu kuɗi, kuma idan suka shiga gandu ba sa barin komai. Wannan bindiga tana cin harsashi 30, harsashinta yana tafiya fiye da kilomita biyu. Mai riƙe da ita ba ya zaɓar dabba, feshi yake yi cikin garke, biyu su faɗi, biyar su gudu da rauni su je su ruɓe a rafi. Tsofaffin maharbanmu, masu kirari da tauri, da suke bin sawu kwana biyu don dabba ɗaya, suka san wadda ke da ciki su ƙyale ta, da sun ga wannan da ba su kira shi farauta ba. Malamanmu ma sun sha faɗa cewa addini ya yi umarni da kyautatawa ko a wajen yanka, balle a bar rai yana shure-shure a daji ba don ci ba. Naman da aka banda ta wannan hanya kuma, ai ba a daji yake zama ba, mota ce ke kawo shi gari, mai motar kuma an san shi.

Sai dai fa kada a fahimce mu a baibai. Ba muna kira a hana talakan ƙauye farauta ba ne, wanda ya ce haka bai san ƙasar nan ba. Binciken da Christian Fargeot ya yi a shekarun 2000 ya nuna cewa kowane mazaunin Bangui yana cin kusan kilo 15 na naman daji a shekara, yawancinsa banda, kuma ƙananan gada ne suka fi yawa a ciki. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar PK12 da safe ba ya bukatar a karanta masa rahoto. Mata da yawa da wannan sana'a suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Bayan rikicin 2013 da 2014, lokacin da makiyaya suka tsere da shanunsu naman shanu ya yi tsada, tukunyar mutane da yawa ta ƙara dogara ga daji. Ƙaramar gada tana da saurin haihuwa, tana iya jure farauta idan an yi ta da ƙa'ida. Mutanen Aka na dajin Lobaye sun yi ɗaruruwan shekaru suna kama ta da raga ba ta ƙare ba. Abin da ba ta iya jurewa shi ne fitilar goshi da daddare, da tarkon waya ɗari ɗari da ake ɗanawa a manta da su, da harsashin da ke kwarara ba ƙidaya.

Kuma doka tana nan. Tun dokar namun daji ta 1984, har zuwa sabuwar da ta maye gurbinta a 2020, an haramta farauta da makamin yaƙi, an haramta ta da fitila da dare. Ƙasashen yankin nan sun amince da Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan ƙananan makamai da harsasansu, ta kuma fara aiki a 2017. A watan Yuli na 2024 Kwamitin Sulhu ya ɗage takunkumin makaman da ya ƙaƙaba wa ƙasar nan tun Disamba 2013, amma ya bar haramcin kai wa ƙungiyoyin 'yan bindiga. Wannan na nufin direban da aka kama da kwalaye a hanyar da 'yan tawaye ke kai-kawo ba zai tsira da cewa na gada ne ba. Abin takaici shi ne, dokar tana ƙarewa ne a bakin shinge, inda wanda ya miƙa jaka biyu ke wucewa da abin da ya ga dama, wanda kuma bai ɗauko komai ba a sauke masa kaya a rana.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa su fitar da wannan ciniki daga duhu. A ba wa 'yan kasuwa ƙalilan da aka sani lasisin sayar da harsashin farauta, a kanti mai suna a rubuce, da littafin da ake shigar da sunan mai saye da lambar takardarsa. A sauƙaƙa wa maharbin ƙauye samun lasisi a Bouar ko Mbaiki ko Bambari, ba sai ya zo Bangui ya yi sati yana bin ofis ba, domin tsadar takarda ita ce ke tura mutane bayan fage. Muna ma ganin babu laifi a ce sai mutum ya dawo da kwanson da ya harba kafin a sayar masa da sabo. Wani kaso na harajin kuma ya koma ƙauyukan da dajin yake. An taɓa gwada irin wannan a arewa tun shekarun 1990, a yankunan farautar da aka damƙa wa ƙauyuka, inda kuɗin da Turawan safari ke biya ya gina makarantu da ɗakunan shan magani kafin yaƙi ya wargaza komai. A Chinko ma, inda African Parks ke kula da gandun tun 2014, sun gane cewa ɗaukar 'ya'yan Fulani su je su yi magana da makiyaya da harshensu ya fi aika musu da bindiga amfani.

To amma ba sai mun jira gwamnati ba. Shugabannin kasuwa da na direbobi, daga Kokoro har Garwa-Bulai da Kentzou da Gamboula, suna da ikon da babu jandarman da ke da shi, domin su ne suka san wa ya loda me. Idan suka iya haɗa kai a Disamba 2019 suka ce ba za su ƙara biyan harajin 'yan bindiga ba, za su iya zama su yanke cewa duk wanda aka samu da wannan haja ba bisa ƙa'ida ba, babu mai tsaya masa, babu mai karɓar belinsa da kuɗin ƙungiya. Mun san za a ce ribarsa tana da yawa, kuma in ba ka ɗauko ba wani zai ɗauko. Haka ne. Amma mun ga lokacin da 'yan tawayen CPC suka toshe hanyar Beloko daga Disamba 2020 har farkon 2021, ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai, albasa ta ruɓe a cikin buhu, bashi ya karya mutanen da suka yi shekara talatin suna gina jari. A kwatanta wannan asara da ribar kwali goma.

Ku kuma direbobi da yaran mota, ku ne kuka fi kowa shiga haɗari, domin ku ake kamawa, mai kaya yana gida yana shan shayi. Al'adar karɓar saƙo a ɗaure ba tare da tambaya ba al'ada ce ta mutunci da muka gada, amma zamani ya sa dole a kwance a duba a gaban mai shi kafin a ɗora. Wanda ya ji haushin haka, a mayar masa da kayansa ya nemi wata motar. Kwali ɗaya na kartush ya ɗan haura kilo guda, saboda haka in aka cusa ashirin a tsakiyar buhun albasa, ɗan dakon da ya ɗaga shi ma ya san ba albasa kaɗai ya ɗauka ba.